Dogo a Cikin Garka

Ƙasar Kance ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, amma ta daɗe tana yi masa hidima. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma a shekarun da suka biyo baya gyaɗar da aka noma a Kance da Matamaye da Magarya ta riƙa bin hanyar kudu, da fari a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a cikin manyan motoci, ta ratsa Daura har ta kai bakin tasha, inda ake loda ta a taragu a nufi Ikko da ita. Manomin Kance ya san jirgi kamar yadda talaka ke sanin sarkin wata ƙasa mai nisa: bai taɓa ganin fuskarsa ba, sai dai yana jin hukuncinsa a bakin sikeli. Ko da Nijar ta yi nata dogon, a can yamma aka shimfiɗa shi, kilomita 143 daga Yamai zuwa Doso. Aka yi bikin buɗe shi a watan Janairu na 2016, aka watse, kuma bai taɓa shiga jigilar yau da kullum ba.

Saboda haka idan aka ce akwai jirgin ƙasa mai aiki a Kance, mai karatu yana da damar yin murmushi. Amma akwai shi. Yana cikin wata garka a gefen gari, tsawon dogonsa mita 30, ya kewaye fangalin albasa da na tumatir, ya bi ta gindin wani tsohon gawo, ya haye magudanar ruwa a kan wata ƴar gada, sa'an nan ya komo bakin rijiya. Inji ɗaya ne da taragu biyar, kuma a lokacin cirar albasa har kaya yake ɗauka.

Mai shi dattijo ne da ya haura shekara 70. Yana saurayi ya tafi cin rani Kano, ya dace da aikin lebura a cikin masu gyaran dogo a layin da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930. Shekara 11 ya yi tsakanin Ringim da Malam Madori yana danna tsakuwa a ƙarƙashin silifa, yana ɗaure noti, yana bin layi da guduma tun kafin rana ta fito. A watan Janairu na 1983, da gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin barin Najeriya, ya komo gida da akwati da rediyo da wata sandar itace da ya yanka da hannunsa daidai faɗin dogo, ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1067. Sandar ta yi shekaru masu yawa a rataye a bangon zaure, ba wanda ya san amfaninta.

Ba sha'awar tsufa ce ta sauko da ita ba. Ɗansa ne ya rasu, ya bar mata da yaro ɗan shekara shida. Kowa ya san halin da ƙasar Kance take ciki: jama'a ta yi yawa, rabon gado ya tsuke gonaki, hatsin da aka girbe da kaka sau da yawa ba ya kai bazara. Shi ya sa mata da dama suka kama hanyar arewa, Agadas, Arlit, har Tamanrasat, su yi aikatau ko bara, kuma a wannan hanyar neman abinci mace mai yaro a hannu ta fi samu. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga wannan yanki. Motocinsu ne suka mutu, ƙishirwa ta yi sauran aikin. Duk da haka hanyar ba ta rufe ba, domin yunwa ba ta sauraron rediyo. Ranar da surukarsa ta durƙusa ta ce, “Baba, zan tafi, kuma da shi zan tafi,” dattijon bai tsawata mata ba, don ya san ba son ranta ba ne. Ya ce in tafiyar ta zama dole ta je, Allah ya tsare, amma yaro a nan zai zauna ya yi lakwal. Ta tafi tana kuka. Yaron ya yi kwana da kwanaki ba ya tanka wa kowa, da yamma sai a same shi a bakin kwalta yana bin motocin da suka nufi Takeita da kallo. To, ba a ɗaure yaro da igiya. Dattijon ya duba duk abin da ya mallaka, bai ga abin da ya fi kowa sani ba sai dogo.

Ya raba tsawon sandarsa gida goma, ya samu ɗan abin da ya ɗara santimita 10, ya ce faɗin dogonsu ke nan. Wani mai walda a Matamaye ya samo masa falallen ƙarfe mai tsawon mita 6, aka tsai da shi a kan gefensa cikin tsagar silifofin da aka yanka daga azarar giginya. Mai zubin tukwane ya narka gwangwanaye da fasassun tukwane ya zuba ƙafafun. Injin kuwa na share gilashin mota ne, aka ciro daga wata matacciyar mota, batirin babur yana ba shi wuta. A Turai wannan wasa ne na manya masu kuɗi da lokaci. Tun 1968 kamfanin Lehmann na Jamus ya fito da jirgin lambu mai suna LGB, mai faɗin dogo milimita 45, dogon tagulla a kan silifofin roba, sai mutum ya saya a kwali ya harhaɗa. Amma mai LGB a lambunsa da dattijon Kance a garkarsa ciwon kai ɗaya ke damun su: jirgi yana sauka daga kan dogo, kuma ba ya faɗin dalili.

A shekarar farko ba a yin zagaye biyar ba tare da wani tarago ya kife a cikin albasa ba. Yaron yakan fusata ya ce jirgin banza ne. Ƴan kallo, waɗanda ba a rasa su a bakin shinge, kowa da fatawarsa: wannan ya ce gudu ne ya yi yawa, wancan ya ce baki ne, a nemi abin kariya a rataya. Dattijon ba ya musu da kowa. Abin da yakan ce kawai shi ne ruwa ba ya tsami banza, sa'an nan ya kafa doka guda, wadda ya taho da ita daga layin Nguru: in tarago ya goce, ba mai taɓa shi sai an yi shaida. Dabi'ar ɗan Adam ce, da zarar abu ya faɗi, hannu ya riga tunani zuwa wurin, a ɗaga a mayar a ci gaba, shi ke nan an share sawun ɓarawo. Don haka aka aje alli a bakin rijiya. Duk lokacin da aka yi gociya sai a ja layi ɗaya a jikin taragon, a ja ɗaya a kan silifar wurin. Kuma wurin da ake nufi ba inda taragon ya kife ba ne, domin ƙafa takan hau kan dogo ta yi ƴar tafiya kafin ta faɗa. Sai a koma baya a hankali har a ga ƙarzar farko a kan ƙarfe. Bayan mako guda alli ya fara magana. In layuka sun taru a jikin tarago ɗaya, alhali a ƙasa sun warwatsu, laifin tarago ne. In sun taru a wuri ɗaya, taragu kuwa kowa ya samu rabonsa, laifin dogo ne.

Tarago na biyu ne ya fara cika da alli, kuma duk a kwana yake faɗuwa. A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da waɗanda suka sha shiga jirgi. Ana ɗauka leɓen nan da ke cikin ƙafa shi ne ke riƙe jirgi a kan hanyarsa, alhali leɓe mai gadi ne kawai, ba a son a kai gare shi. Ƙafafun jirgi biyu a manne suke da sanda ɗaya, tare suke juyawa, ga shi kuma a kwana dogon waje ya fi na ciki tsawo. Maganin da maƙera suka samo shi ne a yi wa fuskar ƙafar gangare, ta fi kauri ta wajen leɓe, ta ɗan sirance ta waje, galibi 1 cikin 20. In aka shiga kwana sai sandar ta ɗan matsa waje, ƙafar waje ta hau kan kaurinta, ta ciki ta koma kan sirantarta, jirgi ya karkata da kansa. Wanda ya taɓa gangara bokiti a ƙasa ya ga ya ƙi tafiya miƙe ya riga ya san wannan karatu. To, ƙafafun tarago na biyu sumul aka zuba su kamar gwangwanin madara. Da aka koma wa mai zubi da zancen, sai ya yi dariya ya ce, “Baba, ai ni tukunya na iya, tukunya kuwa ba ta zuwa ko'ina.” Dattijon ya ɗaura kowace ƙafa a bakin injin yana juyawa, yaron ya dafa magagari a karkace, suka yi yammaci uku suna ci har gangaren ya fito. Daga nan suka yanka wani ɗan gwangwani daidai tazarar da ya kamata a samu tsakanin leɓe da leɓe, suka bi duk sandunan ɗaya bayan ɗaya, suka tarar biyu sun tsuke.

Da bazara ta kama sai wata sabuwa ta ɓullo. A miƙaƙƙen wurin da ke gabas da rijiya, inda ba kwana ba gada, taragu suka riƙa zubewa, amma tsakanin azahar da la'asar kawai. Da safe lafiya lau. Wannan bai ɗauki dattijon lokaci ba, don ya sha ganin babbarsa. A cikin hunturu aka shimfiɗa dogon, ƙarfe yana takure, mai walda kuma, don son aikinsa ya yi kyau, ya like gaɓoɓin ƙam a makon da mura ta kwantar da mai garka. Ƙarfe mai tsawon mita 6 yana ƙaruwa da kusan milimita 3 in zafinsa ya hau da digiri 40, kuma tsakanin asubahin Janairu da tsakar ranar Afrilu ƙarfen da ke shan rana a ƙasar Damagaram yana wuce haka. In ya miƙe bai samu wurin zuwa ba sai ya lanƙwashe gefe kamar maciji. Aka sa zarto aka raba gaɓoɓin, aka bar ratar da tsinken ashana zai shiga, aka haɗa su da ƴan faranti masu dogon rami don noti ya samu wurin zamewa. Tun daga ranar jirgin ya samu murya, tak-tak, tak-tak, irin wadda tsofaffin fasinjojin Nguru suke barci da ita.

Sauran abokan gaba ba su buƙatar dogon bayani. Gara ta ɗanɗana silifofin da ba na giginya ba, aka jiƙa su da baƙin mai. Kaji suna tone tsakuwa, awaki suna tsallake shinge don ƴaƴan gawo, ƴaƴan gawon da kansu in ɗaya ya kwanta a kan dogo ya isa. Tsintsiya kowace safiya ita ce maganinsu.

Wanda ya fi ba yaron mamaki shi ne na gindin gawo, inda kwanar ta fi tsanani. Ya lura cewa in ya loda albasa a taragun baya ya bar na gaba wayam, na gaban ne ke faɗuwa, kuma ta cikin kwana suke faɗuwa, ba ta waje ba kamar yadda hankali zai ba mutum. Dattijon ya shimfiɗa igiyar guga a ƙasa a lanƙwashe, ya ɗaura dutse a ƙarshenta, ya ce ja. Igiyar ta nemi miƙewa, ta share duk abin da ke cikin lanƙwasar. Haka jerin taragu yake tsakanin inji mai ja da kaya mai nauyi. A ƙarshen ƙarni na 19 wani injiniyan Faransa mai suna Nadal ya sa wannan a lissafi: ƙafa tana hawa dogo ne in ƙarfin da ke tura ta gefe ya yi yawa a kan nauyin da ke danna ta ƙasa, kuma iyakar ta dogara ga tsayuwar leɓen da kuma kaushin da ke tsakaninsa da ƙarfe. Dattijon bai taɓa jin sunan Nadal ba, amma hukuncinsu ɗaya: mai nauyi a gaba, marar kaya a sa masa dutse, kuma in ƙurar hunturu ta sa ƙarfe ya yi kaushi a shafa baƙin mai da gashin kaza a gefen dogon ta ciki. A gefe kawai. Ranar da yaron ya yi wa saman dogon alheri, injin ya wuni yana sulɓi a wuri ɗaya.

Sai kuma aka zo kan tarago na huɗu, wanda ya kusa kunyata dokar alli. Shi ne mafi kyau a cikin biyar ɗin, kafinta ne ya yi shi da katako mai kauri, da gam da kusoshi, ba ya ko motsi. Ko'ina yana wucewa lafiya sai a kan gada. Gadar kuma kowane tarago yana haye ta lafiya sai shi. Alli ya taru a jikinsa, ya taru a kan gadar, kowanne yana nuna ɗan'uwansa. Bugu da ƙari ba kullum yake faɗuwa ba, sai ya yi zagaye tara ya faɗi a na goma, wata rana ma ya wuni bai faɗi ba.

A da, irin wannan ba ta kwana a hannun dattijon. Sai ya kwanta rub da ciki, ya aza kunci a kan ƙarfe, ya runtse ido ɗaya ya bi layin da kallo, duk inda ya ɗan nutse ko ya karkace sai ya gani. Amma yana ta fara rufe masa ido, abin da ya wuce taku biyar hazo ne. Kunnensa dai yana nan, yana zaune a bakin rijiya zai ce, “Abokina, noti ya kwance a gaɓa ta uku,” a je a tarar haka ne. Sai dai kunne ba ya auna milimita. Dole yaron ya zama idonsa, kuma a nan ne aka gane cewa wasan ya daɗe da tashi daga wasa.

“Kaka, taragon nan ne. A cire shi kawai mu huta.”

“Abokina, in ka kore shi ba ka san laifinsa ba, ranar da wani ya yi irinsa shi ma korar shi za ka yi? Da me za ka kwashe albasar?”

“To gadarka ce ta tsufa, kamar mai ita.”

“Mai ita ya ga jirgi da idonsa. Kai fa?”

Mako uku suna wannan. Yaron ya ware shafi a bayan littafinsa na lissafi, yana rubuta rana da lokaci da yawan zagaye, har wata rana ya ƙara wani layi da ba wanda ya sa shi: an yi ban ruwa, ko ba a yi ba. Nan zaren ya fito. Kusan duk faɗuwar a ranakun da ruwa ya bi magudanar ne. Suka saki ruwa, suka jira ƙasa ta sha, suka kashe inji, yaron ya riƙa tura taragon da yatsa ɗaya kaɗan-kaɗan, yana gwada zura takarda a ƙarƙashin kowace ƙafa. A bakin gadar, ƙafar gaba ta hagu, takarda ta shige. Ya ninka ta biyu ta shige, ya ninka huɗu ta shige. Ashe ƙafar a sama take, ba ta taka komai. In ƙasa ta jiƙa, gindin gadar na gefe ɗaya yakan nutse da abin da bai fi milimita 2 ba, dogon ya murɗe. Sauran taragun na siririn katako ne, sun sassauta da aiki, in dogo ya murɗe su ma sai su murɗe su bi shi. Na huɗu kuwa, saboda ƙarfin ginin da aka yi masa, ba ya ba da kai. Ƙafa uku su taka, ta huɗu ta rataye, leɓenta ya haye ƙarfe. Gadar ita kaɗai ba ta isa ta ka da kowa ba, taragon shi kaɗai ba shi da aibi, haɗuwarsu ce masifar.

Matar dattijon, wadda tun farko take cewa tsoho da jikansa sun haukace tare, tana gefe tana tsinkar yakuwa. Ta ce wa yaron, “Maigidana, ka taɓa ganin murhu mai duwatsu huɗu?” Ba ta san ta faɗi abin da masu ƙera taragu suke yi ba. Abu mai ƙafa uku ba ya rawa ko a kan wace irin ƙasa, mai huɗu kuwa sai ƙasa ta daidaita. Aka bar sandar baya a ɗaure, ta gaba aka ɗora ta a kan ƙusa ɗaya a tsakiya yadda za ta iya karkata dama da hagu, taragon ya koma yana zaune a kan wuri uku ko da yake ƙafafunsa huɗu. Gindin gadar kuma aka tone shi aka danƙara dutse. Yaron ne ya yi dannar, da ƙotar fartanya, yadda kakansa ya yi a Ringim shekaru 50 da suka wuce.

Uwar ta dawo bayan shekara biyu, a cikin ayarin motocin da ke maido ƴan Nijar daga Aljeriya, abin da aka fara tun ƙarshen 2014. Ta tsaya a bakin shinge ta ga ɗanta kwance rub da ciki, kunci a kan ƙarfe, yana ba tsoho umarni. Ba ta ce komai ba a ranar. Amma gona ba ta ƙara faɗi ba don ta yi tafiya, kuma da aka yi kakar da ba ta cika rumbu ba sai zancen arewa ya sake tasowa. Yanzu yaron ya yi girman da za a iya tambayarsa, har ma ya fara lissafin abin da zai samu in ya bi ta.

A cikin wannan hali ne ya zo da maganar Daura. A lakwal aka gaya musu cewa tun watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kuma faɗinsa milimita 1435 ne, ba 1067 na sandar kakansa ba, ba kuma mita ɗaya na dogon Doso ba. Daura ga ta nan bayan iyaka. Ya ce shi ma yana son reshe, layi na biyu da zai rabu daga bakin rijiya ya nufi kudancin garka, a sa masa suna Daura. Reshe kuwa sai da mararraba, wato harsunan ƙarfe biyu masu motsi da wurin da dogo ke ratsa dogo, inda ƙafa ke tsallake rata ba abin da ke ƙarƙashinta. Ba inda jirgi ya fi son gocewa kamar nan, babba da ƙarami.

Suka je Matamaye wurin mai walda. Yaron ya zana abin da yake so a ƙasa da tsinke, ya tambayi kakansa tsawon lokacin da aikin zai ci.

“Rani biyu,” in ji dattijon, “in an yi sauri. Kuma sai mai ido yana wurin kullum.”

Mai walda ya duba zanen ya ce, “Haba Baba, ai wannan mako ɗaya ya...” Sai ya ɗaga kai ya ga irin kallon da tsohon yake yi masa da idon nan mai yana. Ya yi tari, ya sake duban zanen, ya ce lalle harsunan za su ba da wahala, ga shi kuma irin ƙarfen da ake bukata sai an aika Damagaram.